Ciwon Baya da Riƙewar Ƙugu a Tsakanin Dattawanmu na Zango

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a taron makiyaya da fataken shanu da mahauta a unguwar Nima, birnin Akra, ƙasar Gana.

 

Shugaban taro, sarakunan Zango, sarakunan Fulani da arɗo-arɗo, sarkin pawa, limamai da malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa makiyaya da fatake da dillalai, muna yi muku barka da zuwa. Muna godiya ta musamman ga waɗanda suka baro Ashaiman da Madina da Fadama da Sabon Zango tun da sassafe domin halartar wannan zama. Allah ya saka da alheri.

An saba idan muka taru maganar burtali muke yi, ko ta shingayen hanya, ko harajin kasuwa, ko satar shanu. Yau kuwa an umarce mu mu yi magana a kan mai shanun shi kansa, watau jikinsa, musamman bayansa. Dalili kuwa a fili yake. Duk wanda ya shiga masallatan Nima da Mamobi ya dubi sahun baya, zai ga kujerun roba a jere, kuma da yawa daga masu zama a kansu mutanenmu ne, waɗanda a dā mutum ɗaya cikinsu yakan kama ƙahon bijimi ya kayar da shi. Yanzu tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Wannan unguwa da muke zaune a cikinta ma saniya ce mafarinta, domin wajen shekarar 1931 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya nemi wannan fili daga dangin Odoi Kwao na Osu don ya sami wurin ajiye dabbobi. Saboda haka idan an yi maganar lafiyar masu shanu a Nima, a gida ake yinta.

Kafin mu shiga, ya kamata a sani cewa wannan ciwo bai tsaya a kanmu mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu wani ciwo da ya kai shi hana mutane aiki. Yana ƙaruwa da shekaru, kuma ya fi yawa ga mata. Mu lura da wannan na ƙarshe, domin mu maza mun fi kowa ƙorafi, alhali kuwa uwargida da ke tatsar nono a tsugune, ta yi wanki a duƙe, ta yi shara da guntun tsintsiya, ta sauke tukunyar wake da shinkafa daga murhu, ita ba ta cewa komai.

Mahauta da ke cikinmu sun fi mu sanin yadda baya yake, domin kullum suna sara shi. Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera bisa juna, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai laushi, a tsakiyarsu kuma akwai rami inda laka take bi, jijiyoyi suna fita daga gefe suna sauka ƙafafu. Na saniya shida ne a wajen ƙugu, na ɗan Adam biyar. Amma saniya ta raba nauyinta a kan ƙafa huɗu, mu kuwa waɗannan biyar ɗin su ke ɗauke da duk abin da ke sama da su, har da buhun dusa idan mun saɓa shi. Wannan faifai yawancinsa ruwa ne lokacin ƙuruciya. Da shekaru suka ja sai ya riƙa bushewa yana lotsawa, gaɓoɓin da ke bayansa su yi kaushi, naman da ke riƙe da su kuma ya rage ƙarfi. Shi ya sa tsoho yake rage tsawo, shi ya sa kuma da asuba baya yake riƙewa kamar busasshiyar fata, sai an ɗan motsa an yi alwala an taka zuwa masallaci sa'an nan ya saki.

To, sana'armu kuma ba ta raga masa. Kakanninmu da ƙafa suke koro shanu daga Arewa, a ƙetare kogi a Yeji a nufi Kumasi, tafiyar makonni. Wahala ce, amma tafiya ba ta cika ɓata baya ba. Da manyan motoci suka zo sai wahalar ta sake kama. Daga Paga zuwa Akra kusan kilomita 800 ne, ta Bolga da Tamale da Teciman da Kumasi, mutum yana zaune a takure a gaban mota ko a kan katako bisa shanu, mota tana jijjiga shi dare da rana, kuma duk saniyar da ta faɗi sai an sauka cikinsu an ja wutsiya an tashe ta. A iso Turaku a sauke, a ja igiya, a kayar, a ɗaure. Mahauci ya saɓa cinyar sa a kafaɗa ɗaya shekara talatin. Sa'an nan idan Allah ya buɗa wa mutum ya zama maigida ko babban dillali, sai ya koma kan benci daga hantsi har la'asar, ga shayi mai sukari, ga tuwo da nama, tumbi ya fito gaba yana jan ƙugu. Aikin ƙarfin ya tafi, ƙarfin ma ya bi shi. Mun lura cewa da yawa ciwon bai kama su sosai lokacin da suke aikin ba, sai bayan da suka zauna.

Abu na farko da muke so kowa ya riƙe shi ne, mafi yawan ciwon ƙugu, wajen tara cikin goma in ji likitoci, ba wata muguwar cuta ce a ƙarƙashinsa ba. Yana da zafi, yana hana barci, amma idan ya taso yakan lafa cikin makonni kaɗan, galibi kafin mako shida, ko da yake yakan dawo. Har ila yau kada hoton asibiti ya tsorata kowa. Sau da yawa dattijo yakan dawo da hoto a hannu ransa a ɓace, ya ce an ce ƙashinsa ya cinye. A shekarar 2015 masana suka tattara hotunan bayan mutanen da ba su jin ciwon komai, sai suka tarar kusan tara cikin goma na masu shekara 60 faifansu ya nuna alamar lalacewa. Watau abin kamar furfura ne, ana samunta a kan mai ciwon kai da wanda kansa lafiya lau.

Kuskuren da muka fi yi shi ne kwanciya. Da ƙugu ya riƙe sai a shimfiɗa wa baba tabarma, a ce kada ya motsa, a kawo masa abinci da buta har inda yake. Ƙauna ce ta sa, amma cutarwa ce. Ku da kanku kun san saniyar da ta kwanta kwana uku ba a tashe ta ba, da wuya ta sāke miƙewa, shi ya sa kuke sa mata igiya da itace ku ɗaga ta ko tana so ko ba ta so. Tsoho ma haka naman jikinsa yake zubewa da sauri idan ya kwanta. A dā likitoci ma kwanciya suke sa mutane, daga baya bincike ya nuna musu cewa wanda ya ci gaba da motsi daidai ƙarfinsa ya fi saurin warkewa. Idan zafin ya yi tsanani a huta yini ɗaya ko biyu, daga nan a tashi, ko da daga ɗaki zuwa ƙofar gida ne.

Motsin da muke nufi ba ya bukatar kuɗi. Tafiya ita ce gaba. Wanda ke Nima ya taka bayan sallar asuba kafin motoci su cika titi, ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa har ya kai rabin awa. Wanda ya ji ƙarfi ranar Juma'a ya taka zuwa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, maimakon shiga mota. Sandar kiwo da aka jingine a bayan ƙofa a ɗauko ta, babu abin kunya ga makiyayi ya riƙe sanda, ga shi kuwa lungunanmu duk duwatsu ne da kwata da matakala marasa daidai. Kafin a tashi daga shimfiɗa da safe, a kwanta rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a riƙe kaɗan, a sake ta, a jawo ɗayar. A kafa tafin ƙafa a ƙasa a ɗaga ƙugu sama a hankali a sauke, kamar sau goma. A kan bencin kasuwa ma, a tashi tsaye a zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, kuma kada a wuce rabin awa a zaune ba a miƙe ba. Jiki zai ɗan yi tsami a kwanakin farko, wannan ba komai. Wanda ya ji zafi yana harbawa zuwa ƙafa ya dakata ya nemi ma'aikatan gashin ƙashi su gwada masa wanda ya dace da shi. Akwai sashensu a Korle Bu da asibitin sojoji na 37 da asibitin Ridge.

Wajen ɗaukar kaya kuwa, jarkar ruwa rawaya da muke ɗebo ruwa da ita, idan mai lita 25 ce, kilo 25 ke nan a hannu ɗaya. A raba ta biyu, ko a bar wa jikoki. In ya zama dole a ɗaga abu daga ƙasa, a matso kusa da shi, a lanƙwasa gwiwa, kada a murɗa jiki da kaya a hannu. Kayar da bijimi kuma a bar wa samari. Mun san dattijo ba ya son a ga gazawarsa a gaban yaransa, musamman lokacin Layya da kasuwa ta cika, amma nuna wa yaro inda zai sa igiya shi ma aiki ne.

Ruwan ɗumi da tsumma, da tausa da man kaɗanya, suna sauƙaƙa zafi, ba mu hana ba. Ɗamarar da ake sayarwa a ɗaure ƙugu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a watan Disamba na 2023 ba ta goyi bayan dogaro da ita ba, haka nan jan baya da na'ura. Ƙaho da tsaga al'adarmu ce tun kaka da kakanni, wasu suna cewa suna jin sauƙi. Abin da za mu ce shi ne a tabbata aska sabuwa ce, mai ciwon sukari kuma ya nisanci tsaga, domin miki ba ya warke masa da wuri. Abu ɗaya da muke roƙo a bari gaba ɗaya shi ne a kwantar da tsoho a sa yaro ya hau bayansa yana tattakawa, ko mai ɗori ya danna da ƙarfi wai zai mayar da ƙashi. Ƙashin tsofaffi, balle na mata bayan ɗaukewar al'ada, yakan zama kamar ragaya, fanko a ciki, ɗan dannawa kaɗan sai ya burma.

Yanzu mu zo kan magani, inda nan ne muke so mu daɗe. Ku shiga aljihun kowane dillali a Turaku, da wuya ku rasa ƙwaya. Akwai ta kantin magani, akwai ta mai talla a cikin mota wanda maganinsa guda yake warkar da basir da ƙugu da rashin ƙarfi, akwai ruwan ɗaci na kwalba da maƙwabtanmu ke sha domin abin da suke kira koko, watau basir, wanda da yawansa da giya aka jiƙa shi. Mu faɗa a nan cewa basir ciwon dubura ne, ba ya hawa baya ya riƙe ƙugu, ko da yake mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Magungunan kashe zafi irin su daikulofenak da ibuprofen suna aiki, kuma likita yakan ba da su na 'yan kwanaki. Illar tana wajen wanda ya mayar da su goro, safe da yamma, wata da watanni, sau da yawa ma cikinsa babu abinci, yana yini a rana bai sha ruwa ba. Suna ƙwaƙule ciki har ya yi jini, suna tayar da hawan jini, suna kashe ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji ba. Tsoho, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai gyambon ciki, su ne suka fi shiga hatsari. Wanda ƙodarsa ta mutu sai wankin jini a na'ura sau biyu ko uku kowane mako, kuma duk wanda ya yi jinyar irin wannan ya san garke guda ba ya isa. Bari mu ba ku wani labari da ya shafi sana'armu. A ƙasar Indiya an riƙa yi wa shanu allurar daikulofenak, idan saniya ta mutu ungulaye su ci mushen. A cikin shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka kusa ƙarewa, fiye da tara cikin goma suka mutu, da aka bincika sai aka tarar ƙodarsu maganin ya kashe. A 2006 gwamnatin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi. Mutum ya fi ungulu jure masa nesa ba kusa ba, amma dai gaɓar da yake kai wa hari ita ce ɗaya. Wannan kuma ya kawo mu ga wata ɗabi'a da muka gani da idonmu a ruga, ta mutum ya ɗebi allurar shanu ya yi wa kansa. An auna ta ne domin dabba mai kilo ɗari uku. Don Allah a bari.

Akwai kuma ƙananan ƙwayoyi da ake haɗawa a ƙulla a leda, waɗanda a cikinsu akan sa dekisametazon ko firedinisolon. Mai sha yakan ji garau kwana biyu, har ya yi ƙiba fuska ta cika, mutane su ce ya murmure. Kumburi ne. Idan aka daɗe ana sha suna kawo ciwon sukari, suna kuma cinye ƙashin bayan da ake neman gyarawa. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa sannu a hankali. Sai tiramadol, wanda a wajejen 2017 da 2018 ya zama abin magana a duk faɗin Gana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa ta bayyana cewa mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai ta amince da su, su ma da takardar likita, amma aka cika kasuwa da mai 120 da 225 da 250 ta ɓarauniyar hanya. Muna zagin samari a kansa, alhali da yawa daga yaran motar shanu ciwon baya da gajiya ne ya fara kai su gare shi, kuma akwai dattawan da ke sha a ɓoye. Yana kama mutum, yana sa jiri da faɗuwa, yana sa farfaɗiya. Jagorar 2023 da muka ambata ta ce kada a yi amfani da irin wannan magani domin daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Maganin gargajiya na kwalba kuma a duba ko akwai lambar rajistar hukuma a jikinsa, a kuma gaya wa likita ana shan sa.

Mun ce tara cikin goma ba su da hatsari. Saura ɗayan, kuma a nan ne mu masu shanu muka bambanta da sauran mutanen gari. Kowane makiyayi ya san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari, mahaifa ta maƙale, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne yana kama mutum. Ana ɗaukarsa ta shan ɗanyen nono, da sa hannu tsirara a ciro ɗan maraƙi ko mahaifa, da jinin yanka idan akwai rauni a hannu. A jikin mutum yakan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da kasala, da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da kumburin maraina, kuma wurin da ya fi son zama shi ne ƙashin ƙugu da kwankwaso. Mun san wani ɗan'uwanmu mahauci da ya yi kusan shekara ana ba shi maganin zazzaɓin sauro da na taifot, yana ramewa, ƙugu ya hana shi ruku'u, har aka fara cewa sammu ne. Ranar da wani likita ya tambaye shi sana'arsa, ranar aka kama hanyar gane ciwon. Saboda haka duk wanda ya je asibiti, kafin a tambaye shi ya ce, ni da shanu nake aiki, ina shan nono, ina taɓa jini. Likitan birni ba lalle tunaninsa ya kai can ba sai an kai shi. Bakkale yana warkewa, amma da magani iri biyu ko uku a haɗe, na aƙalla mako shida, idan ya shiga ƙashin baya kuwa wata uku ko fiye. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani a tsakiya, ciwon zai dawo. Rigakafinsa kuwa a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta yi nono, domin tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayar cutar. Iyayenmu mata masu fura da nono da masu burkina, wannan a hannunku yake. A sa safar hannu ko leda wajen karɓar haihuwa, abin da aka ɓarar kuma a binne shi da zurfi kada karnuka su ja.

Na biyu shi ne tarin fuka. Mun saba da shi a ƙirji, amma yana shiga ƙashin baya ya ci shi har mutum ya yi doro ko ƙafafu su shanye, kuma ba dole ne mai shi ya yi tari ba. Akwai irin na shanu, wanda mahauta ke gani kamar ƙurarraji a huhun dabba, shi ma ta ɗanyen nono yake shiga mutum. Cunkoson ɗakunanmu na Zango kuma yana taimaka wa irin na mutane. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, na wata shida ko fiye. Na uku ya shafi maza da suka haura hamsin. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara da likitoci ke kira furostet. Yawanci kumburinsa na tsufa ne kawai, amma idan ciwon daji ya kama shi ya bazu, sau da yawa ƙashin baya yake tafiya. Dattijon da fitsari ke yi masa wuya, ko yana tashi sau da yawa da dare, ga kuma ciwon ƙugu da ba ya lafawa ko ya kwanta, ya je a auna shi.

To, a taƙaice yaushe za a bar tausa a nufi asibiti? Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi ko gumin dare ko rama. Idan ya fi tsanani da dare, kowace kwanciya aka yi babu sauƙi. Idan ya biyo bayan faɗuwa ko tunkuyi ko harbin saniya, ko da abin ya yi kamar ƙarami. Idan ya wuce mako shida bai ragu ba. Akwai kuma wanda ba a kwana da shi: idan ƙafa ta fara mutuwa ana jan ta, ko tsakanin cinyoyi da wajen zama ya dushe ba a jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sani ba. Wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma awoyi ake ƙirgawa. A ɗauki mutum a wannan dare zuwa babban asibiti, 37 ko Ridge ko Korle Bu, kada a tsaya jiran mai ɗori.

A nan dole mu taɓa wani abu da ya shafe mu Fulani. An rene mu a kan pulaku, a kan munyal da semtende, watau haƙuri da kunya. Tun a wajen sharo aka koya wa yaro kada ya nuna zafi. Halin kirki ne, ba mu ce a yar da shi ba. Amma dattijon da fitsari ke zubo masa ba zai taɓa gaya wa ɗansa ba, balle surukarsa, sai dai a ga ya daina zuwa masallaci, ya daina zama cikin mutane. Hausawan cikinmu ma ba su tsira daga wannan ba. Saboda haka kowane tsoho ya sami aboki ɗaya tsararsa da zai iya faɗa wa, 'ya'ya kuma su sa ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa ake hawa a gyara.

Game da salla, malamanmu suna nan, sun sha bayyana cewa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, addini bai matsa wa kowa ba. Mu namu ƙarin shi ne, wanda ya koma kujera saboda ciwon mako biyu, idan ya sami sauƙi ya gwada komawa sahu, ya kuma tambayi malaminsa abin da ya hau kansa. Akwai wasu kuma da tafiya ko tsayuwa ke sa ƙafafunsu nauyi da dushewa, da sun zauna ko sun ɗan sunkuya sai ya wuce. Wannan yawanci ramin da jijiyoyi ke bi ne ya ƙuntata saboda tsufa. Irin waɗannan su yi tafiyarsu guntu-guntu suna hutawa, keke ma yakan yi musu daɗi fiye da ƙafa. Kaɗan ne ƙwarai ciwon baya ke kai su ga aikin tiyata, kuma ana yin sa a nan ƙasar, a Korle Bu da asibitin ƙashi na FOCOS da ke Pantang, wanda Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa aka buɗe a 2012.

Sauran magana ita ce ta kuɗi, domin mun san abin da ke kai mutum ga mai talla shi ne tsoron kuɗin asibiti. Tun 2003 Gana ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, aka sabunta dokarsa a 2012, kuma dokar ta shafi mazauna ƙasa. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, sai ɗan abin yin kati. Ana sabunta katin ta wayar hannu da lamba *929#, kowane jika zai iya yi wa kakansa. Inshorar ba ta ɗauke komai ba, amma da ita ganin likita a asibitin Mamobi da ke nan kusa da mu ba zai gagara ba, daga can kuma a tura mutum gaba idan da bukata. Mun sha karɓar kuka daga 'yan'uwa da aka haifa a ƙasar nan, iyayensu ma a nan aka haife su, amma suka je yin katin shaida aka mayar da su saboda sunansu ko kamanninsu. Wannan aikin ƙungiya ne. Duk wanda aka yi wa haka ya zo da takardun da yake da su, za a haɗa shi da wanda zai raka shi.

Bayan an tashi, sakatare zai zauna a bakin ƙofa ya rubuta sunayen dattawan da suka kai shekara 70 ba su da kati, da na waɗanda ke kwance a gida ba su iya fitowa, domin a san gidajen da za a fara zagayawa. Masu tambayar da ba a yi a bainar jama'a kuma su same mu a gefe, maza da mai amsa musu, mata da mai amsa musu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya albarkaci dukiyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.